Kwanson Miƙau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya fitar da tsirrai daga cikinta iri-iri, wani abinci, wani magani, wani ajali. Ku matso ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ni kam ku bar ni a tsaye, kada wanda ya tashi ya ba ni kujera, don zaman da aka rubuta mini a duniya na riga na yi shi gaba ɗaya a wuri guda.

Sunana Tunau, mutumin Birnin Tukwane, can bayan inda ayarinku ke juyowa gida. Tun ina yaro ƙafata ke ƙaiƙayi. An kai ni saƙa na tsinke zare na gudu, an kai ni ƙira na bar zugazugi na bi masu kiɗa. Iyayenmu sun rasu ina goye, Yaya Tabawa ce ta rene ni, kuma ita kaɗai ce ke iya riƙe ni, shi ma da kunne. Maginiyar tukwane ce. Duk garin babu mai taka yumɓu kamarta, babu kuma mai bakinta. Kullum sai ta ce, "Kai Tunau, wallahi kaza ta fi ka natsuwa."

Wata rana da hantsi tana cikin taka yumɓu, sai ta tsaya cak. Ta ce, "Zo ka ɗaga mini ƙafar nan, ta ƙi tashi." Na ɗauka tsokana ce har na yi dariya. Da na taɓa yatsunta sai na ji su sandare, sanyi ƙalau. Ciwon sanda ke nan, wanda ke kama mutum daga yatsun ƙafa ya yi ta hawa sannu a hankali, har ranar da zai kai maƙogwaro.

Sarkin Aska Mijinyawa, tsohon wanzamin unguwarmu, ya yi ƙaho, ya yi tsaga, ya yi turare. Ciwo ya haye idon sawu bai ko waiwaye shi ba. Sai tsohon ya ja ni zaure ya ce, "Tunau, nawa ya ƙare. Amma ina saurayi na ga wani falke ya tayar da mai irin wannan ciwo da 'ya'yan wani ɗan itace, wai shi miƙau. Dangin wake ne. Tsawonsa bai wuce mutum ba, rassansa daga ƙasa suke tashi. Ganyensa a jere biyu-biyu kamar na tsamiya, da guda a kan tsini, bayan ganyen da gashi-gashi. In ka tona saiwarsa za ka ga ƙulle-ƙulle irin na gyaɗa. Ƙwaya uku ake dakawa a dama da ruwan ɗumi."

Na ce, "Baba, a ina yake?"

"Da na sani da na tafi da kaina."

"Furensa fa?"

"Ban taɓa gani ba. Kwanson kawai na riƙe a hannuna: lanƙwashe yake kamar lauje, 'ya'yan da zanen zabo. Ka riƙe wannan da kyau, don yana da ɗan'uwa, kwantau, ganye ɗaya, tsawo ɗaya, saiwa ɗaya. Shi nasa kwanson miƙe yake sak. Wanda ya sha shi ba ya ƙara tashi."

Na shiga na gaya wa Yaya zan tafi. Ta harare ni daga kan tabarma ta ce, "Ina za ka? Kai da ko akuya aka ba ka kiwo sai ta dawo gida ta bar ka a daji." Amma da hannunta ta ƙulla mini guzuri, ƙuli-ƙuli da dakuwa da dunƙulen kanwa, tana ƙullawa tana faɗa. Na bar ta hannun maƙwabta na fita, ban yarda na waiwaya ba.

Na keta ƙasashe, na haura tuddai, na gangara kwaruruka. Duk ɗan itacen da na gani da jerin ganye sai na durƙusa na tona gindinsa. Na ga baba, na ga zamarke, na ga filasko, na ga waɗanda ko masu ƙasar ba su san sunansu ba. Kai, dangin wake akwai yawa a duniyar nan! Wannan ganye ya yi, tsawo bai yi ba. Wancan tsawo ya yi, ga ƙaya. Duk inda na tsaya cin abinci sai in ji kamar ciwon nan yana hawa jikin Yaya da kowace loma, sai in tashi da abincin a baki.

A haka na iso Tafkin Ƙorai. Mutanen wurin ba su da gida a tudu. A cikin ƙorai suke zaune, manya-manya, kowace ta ci iyali guda da murhunsu da kajinsu, suna yawo a kan ruwa duk inda iska ta ga dama. A bakin tafkin nan na gan shi, kurmi guda. Ganye biyu-biyu da guda a tsini, bayansa da gashi. Na tona, ga ƙulle-ƙulle. Na yi kabbara har tsuntsaye suka tashi. 'Yan kwansunan ɗanyu ne ƙanana, ba su nuna inda suka dosa ba, ni kuwa ina na ga lokacin jira? Na hau tsinka ina cika jaka.

Wani masunci mai suna Makau ya turo ƙwaryarsa gaɓa, ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Baƙo, kamun kifi za ka yi?"

Na ce, "Magani nake ɗiba."

"Maganin kifi dai. In muka daka wannan muka watsa a ruwa, sai dai mu bi muna kwasa. Akwai wani mai kama da shi can Tsaunin Lale, yamma da Filin Duwatsu, kakana ya taɓa gwada ganyensa, ko ɗan ƙaramin kifi bai kashe ba. Ragon itace ne, ba shi da amfani."

Maganarsa ta shiga kunnena, amma ta iske na riga na fasa ɗanyen kwanso na sa ƙwaya ɗaya a haƙori don in ji ɗanɗano. Na tofar, ina! Harshena ya yi nauyi, gwiwoyina suka saki, na zube. Idona biyu, kunnena na ji, amma ko gashin ido na kasa motsawa.

Suka taru a kaina suna salati. Makau ya ce, "Allah sarki, baƙon nan da gaggawa yake, har mutuwar ma." Su kuma al'adarsu, mamaci a tsohuwar ƙwarya mai tsaga ake sa shi, a tura shi tsakiyar tafki da kayansa. Haka suka yi mini, da addu'a da komai. Ina kwance ina kallon sama, ruwa na tsattsafowa ta ƙarƙashina, ina ihu a cikin kaina babu mai ji. A nan na san abin da Yaya ke ciki. Na yi kuka ba hawaye, don su ma sun ƙi fita.

Can sai na ji ana dungurin ƙwaryar. Tarwaɗa ce, ba ɗaya ba, kowace ta kai girman jaki, sun saba da irin wannan kyauta. Ruwa ya kai mini kunne lokacin da yatsun hannuna na hagu suka fara dawowa. Na ja su da ƙyar har bakin jakar nan, na kwance, na yi ta murje ɗanyun kwansuna ina tura su ta tsagar. Ba a jima ba dungurin ya tsaya. Tarwaɗa suka taso ciki sama, suka kewaye ƙwaryar suka tokare ta, ta kasa nitsewa. Iska ta kwashe mu gaba ɗaya, ni da su, ta kai gaɓar yamma. Na rarrafa na fita ina amai. Ragowar kwanson da na samu a jaka na duba da kyau: ko alamar lanƙwasa babu.

Daga nan na tuna maganar Makau na nufi Tsaunin Lale, sai ga Filin Duwatsu. Duwatsun ƙasar nan kiwo suke yi. Garke-garke suke tafiya suna cin ciyawa ta ƙarƙashi, suna gurnani, shi ya sa babu hanya a filin, wadda ka bi da safe kafin azahar wani dutse ya kwanta a kanta. Aka ce mini in jira damina ta ja su kudu. Jira? Na shiga. Ban yi nisa ba biyu suka sa ni tsakiya, suna matsowa, suna shinshina. Ashe kanwar Yaya suka jiyo. Na ɓalli kaɗan na jefa gefe, suka juya suka bi ta da gudu har ƙasa na rawa. Na ce, af, ashe haka ne! Na zaɓi wani matashin dutse mai ƙarfi na haye bayansa, na riƙa jefa masa kanwa ta yamma, yana bi yana lasa. Ranar da kanwa ta ƙare a gindin Tsaunin Lale muke. Na sauka na shafa shi na ce ya gaida gida.

Ban kai rabin tsaunin ba na ji ganguna da guɗa. Mutanen Lale babu abin da suke so a duniya kamar baƙo, kuma sun daɗe rabonsu da shi. Suka sauko suka ɗauke ni cak, ƙafata ba ta sake taɓa ƙasa ba sai tsakiyar gari. Suka zaunar da ni, wani na wanke mini ƙafa, wata na ɗura mini fura, kowa na "Lale, lale!" Ni kuwa idona na kan abu ɗaya. A tsakiyar dandalin, cikin ɗan shinge, ga wani tsohon ɗan itace, rabin rassansa sun bushe. Ganye biyu-biyu, da guda a tsini.

Kafin in buɗe baki sai taron ya dare. Wata tsohuwa ta fito da faifai a hannu, ƙarama, tsaf-tsaf, idonta kamar na shaho. Iya Gude ke nan, mai kula da itacen. Ta zo ta juye faifan a kaina. Furanni suka zubo mini a fuska da cinya, farare da jijiyoyin shuɗi, sabbin tsinka. Na ɗauki ɗaya na duba: babban kunne a tsaye ta baya, fukafukai biyu a gefe, ɗan kwalekwale a ƙasa. Furen wake sak. Na dubi itacen, babu fure ko ɗaya a jikinsa.

Na ce, "Iya, ina kwansonsa?"

Ta ce, "Wane kwanso, ɗana?"

"'Ya'yansa. Abin da yake haifa."

Jama'a suka kwashe da dariya. Iya Gude ta ce, "Wannan ai ba ya haihuwa. Fure kawai yake yi, kuma duk furen da ya buɗe na baƙo ne. Da safe nake tsinkewa tun raɓa ba ta bushe ba. In akwai baƙo a zuba masa, in babu mu watsa daga kan dutse iska ta kai, ta kira mana shi. Haka muka gada."

"Guda nawa ne a tsaunin nan?"

Fuskarta ta canza. "Ina yarinya duk gangaren nan su ne. Ɗaya bayan ɗaya suka tsufa suka mutu, ba wanda ya tsiro. Baƙi ne suka yi mana ƙaranci, shi ya sa suke fushi. Saura wannan."

Wayyo Allah! Na zauna cikin furannin nan kamar in yi ta mari kaina. Maganin Yaya ne aka yi mini wanka da shi, in ma shi ne. Don ban sani ba. Ganye ya riga ya yaudare ni sau ɗaya, furen kuwa Mijinyawa bai taɓa gani ba balle ya kwatanta mini. Su sun san fure ba su san kwanso ba, ni na san kwanso ban san fure ba. Na yi musu bayani har muryata ta dushe, cewa furen ne ke zama ɗa in an bar shi. Suka yi ta gyaɗa kai cikin ladabi, don ba a musu da baƙo, amma na ga ba wanda ya yarda.

Na zagaya itacen ina leƙe. A wani reshe daidai kaina na ga zangarniya ɗaya da ba ta buɗe ba. Iya Gude ta ce ita ce ta ƙarshe a bana, gobe za ta buɗe.

Gari na wayewa na riga ta zuwa. Furannin sun buɗe, ƙamshinsu kamar na sabon zuma. Ta iso da faifanta, jama'a na biye, ta miƙa hannu. Na yi wuf na cafke reshen da hannun dama.

Na ce, "Iya, wannan furen na wane ne?"

"Naka ne mana."

"To na karɓa, na gode. A nan nake son abina."

Dattawa suka koma gefe suka yi ta ƙus-ƙus, ana ɗaga sanda ana saukewa. Daga bisani babbansu ya zo ya ce, "Baƙo, abin da ke hannun baƙo ba mai taɓa shi, wannan dokarmu ce. Amma hannun da ya karɓa shi ne mai kyauta. Ranar da ya saki, fure ya koma na al'ada, za a tsinke."

Na ce na ji. Wallahi da na san abin da na ɗauko, da sai na sake tunani.

Aka kawo mini turmi na zauna a kai, hannu a sama. Ni Tunau, da ban taɓa gama cin tuwo a zaune ba! Kafin azahar ƙafafuna sun fara rawa su kaɗai. Kafin la'asar na ƙirga ganyen reshen nan har na gaji, na zagi tururuwa, na yi wa kaina waƙa. Kafaɗata ta ɗauki wuta. Abinci a baki ake ba ni, salla a zaune, taimama da hannu guda. Ga kuma tunanin Yaya: yanzu ya kai gwiwa, yanzu ya kai ƙugu, ni kuwa ina nan zaune riƙe da itacen da ban ma tabbatar da shi ba. Sau da yawa zuciyata ta ce tashi ka ƙara gaba, wataƙila yana bayan wancan tsaunin da kwansonsa a bushe yana jiranka.

Barci ne babban abokin gabata. Da Iya Gude ta ga ina gyangyaɗi yatsuna na zamewa, sai ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Wai wace ce wannan da kake kashe kanka dominta?" Na gaya mata. Ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure mini hannu da reshen tamau. Dattawa suka fara gunaguni, ta juya ta ce, "A cikin dokar ina aka hana ɗauri? Ku nuna mini."

Ƙudan zuma suka zo. Ina kallo ɗaya ya sauka a kan fukafukan fure, nauyinsa ya danna, ɗan kwalekwalen ya buɗe ya shafa masa gari a ciki, ya tashi ya faɗa na gaba. Mutanen Lale suka yi cirko-cirko, tsofaffi da furfura ba su taɓa ganin haka ba. Amma da furannin suka fara yaushi, farin ya koma ruwan ƙasa, sai gari ya rikice. Ba su taɓa ganin furen nan ya tsufa ba. Mata suka ɗora hannu a ka, samari suka zo da sanduna suna cewa baƙo ya kashe musu itace. Dokarsu ce kawai ta hana su taɓa ni. Furanni suka yi ta zubowa a cinyata ɗaya bayan ɗaya, kowane ya faɗo sai in ji kamar an cire mini haƙori.

Iya Gude ce ta gani. Ta kawo fuskarta dab da reshen, ta ƙanƙance ido, ta ce, "Mene ne wannan kuma?" A inda fure ɗaya ya faɗi, wani ɗan koren zare ya leƙo. Guda ɗaya tak a duk zangarniyar. Ta ja da baya ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu. Ya haihu!" Ranar an yi kiɗa a Lale kamar za a fasa gangunan. Tsohuwar kuwa ta zauna a gefena ta ce, "Da hannun nan nawa na tsinke su duka."

Zaren ya yi ta girma, ya yi faɗi, ya yi gashi. Kullum da safe in dube shi. Miƙe yake. Ya kai tsawon yatsa, miƙe yake sak, irin wanda na murje a Tafkin Ƙorai. Wata safiya na ce, "Iya, kwance ni. Kwantau ne, ko wani ɗan'uwansu na banza. Na zauna a nan Yayata na can tana ƙarewa." Na kai hannun hagu zan kwance ɗaurin. Ta make shi da muciya har sai da na ga wuta.

Ta ce, "Ya gama girma ne?"

"Bai gama ba, amma..."

"To rufe mini baki. Kai ka ce mu jira, mun jira. Yanzu kai ne za ka tashi? Ba inda za ka."

Na zauna ina huci. Ita ma ta ɗauko tabarmarta ta dasa a gabana, muciya a cinya, tana gadina. Muka yi ta kallon kwanso ni da ita kamar masu jiran naƙuda. Da 'ya'yan suka fara kumbura a ciki, sai na ga kamar tsinin ya ɗan sunkuya. Na ce idona ne. Washegari ya ƙara. Bayan nan kullum sai ya ƙara, gefe ɗaya na ja, gefe ɗaya na saki, har ya dawo lauje sosai, ya yi ja, ya bushe, iska na kaɗa shi yana ƙara. Iya Gude ta tara faifai a ƙasa, na murza shi da hagu. Ƙwaya biyar suka zubo, kowace da zanen zabo.

Na yi ihu, na zabura zan tashi. Aka kwance ɗankwalin, hannu ya ƙi saukowa. Sai da aka yi ta gasa kafaɗar da ruwan zafi kafin ta yarda ta sauko, amma daga gwiwar hannu zuwa yatsu ya ƙanjame, yatsun a lanƙwashe yadda suka riƙe reshe. Na tsunkule shi ban ji komai ba.

Iya Gude ta zuba mini ƙwayoyin a tafin hagu. Ta ce, "Uku na yayarka. Biyun nan ka daka ka sha, in yana tayar da jiki guda ai ba zai kasa hannu ba." Tana faɗa tana kallon itacen. Ni ma na kalle shi. Haihuwar nan ta ƙarasa shi, ganyen ya yi rawaya yana kakkaɓewa, ko makaho ya san ba zai ga wata damina ba. Na dubi hannuna, na dubi tsohuwa. Kai, na so hannun nan nawa, kada wanda ya ce muku ban so shi ba. Na ware biyu na sa mata a faifai.

Na ce, "In ruwa ya sauka ki ɗan kankare bayansu a dutse, ki shuka. In sun yi fure, don Allah Iya, ku bar musu abinsu."

Ta ce, "Baƙo kuma me za mu ba shi?"

"Ruwa da tabarma. Wallahi sun isa."

Yadda na komo gida ba zan tsaya ba ku labari ba, don ni ma ban tsaya ba. Na zagaye filin, na zagaye tafkin, takalmina ya ƙare na ci gaba da ƙafa. Da rana tsaka na shiga Birnin Tukwane, na cusa hannun dama cikin riga, na faɗa gida ko sallama ban yi ba.

Tana kwance inda na bar ta, ta rame ta zama kamar tsinke. Ciwon ya cinye hannuwa, ya cinye ƙirji, yana gindin wuya. Ido kawai ta juyo. Muryar da ake ji daga bakin kasuwa ta koma raɗa. Ta ce, "Ɗan yawo. Ka tuna hanya?"

Aka kira Mijinyawa. Ya juya ƙwayoyin a tafinsa, ya juya ɓawon kwanson da na taho da shi. Ya ce, "Shi ne." Shi ya daka, shi ya dama, shi ya ɗura mata kaɗan-kaɗan. Sai muka zauna. Inuwa ta bar bango ta tsallaka tsakar gida, ba abin da ya motsa. Maƙwabta suka gaji suka fara zamewa. Ni ina nan a gefenta, ko gyara zama ban yi ba. Ta yi ta kallona ta gefen ido, can ta ce, "Kai kuma wa ya koya maka zama?"

Muryar ta fito da ƙarfi. Mu duka muka ji. Ta ja numfashi mai tsawo, ƙirjin ya ɗaga. Ciwon ta inda ya tsaya ya fara saki, yana gangarawa. Kafaɗa ta motsa, sai gwiwar hannu, sai yatsu suka buɗe ɗaya-ɗaya suna ƙara. Kafin rana ta yi sanyi tana murza yatsun ƙafa, mata na guɗa a tsakar gida, Mijinyawa na share ido da hannun riga wai hayaƙi ne.

Ta ce, "Miƙo hannu ka tashe ni."

Na miƙa mata.

Ta dubi hannun, ta dube ni. "Hagu? Ni za ka miƙa wa hagu? Haka na rene ka? Ka je yawon duniya ka zubar da ɗan ladabin da ya rage maka. Ba ni dama!"

Na ce, "Yaya, ki kama wannan ɗin dai."

"Tunau."

Na zaro shi daga cikin riga. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dafa ƙasa ta tashi zaune da kanta. Ta kama shi da hannayenta biyu, ta juya, ta gwada buɗe yatsun, suka ƙi.

Ta ce, "Ina sauran maganin?"

Na ce, "Babu saura."

Na jira faɗa. Tunda nake ban taɓa yin abu Yaya Tabawa ta rasa abin cewa ba, sai ranar. Ta juya ga maƙwabciyarmu ta ce a miƙo mata man kaɗanya. Ta ɗora hannun a cinyarta ta fara murzawa daga gwiwa zuwa yatsu, da ƙarfin nan nata na mai yumɓu, hawaye na ɗiga a kai tana haɗawa da man tana shafawa.

Shekaru ke nan yanzu. Ta koma taka yumɓunta, bakinta ma ya dawo har ya fi da. Amma kowace safiya kafin ta taɓa aiki sai ta aiko a kira ni, in miƙa hannu, ta murza. Hannun bai taɓa motsawa ba. Na ce mata ta huta, Mijinyawa ma kafin ya rasu ya ce mata ta huta. Ta ce mu rufe mata baki, bai gama warkewa ba ne.